Wasiƙar Irmiya Ga Waɗanda Shekara Ta Yi Wa Nauyi

Muna gai da waɗanda suke gida, da masu jinmu a kasuwa ko a kan hanya, da waɗanda suke kwance a asibiti, da 'yan'uwanmu da suke zaune a sansanin gudun hijira. Idan kana da Littafi Mai Tsarki kusa da kai, ka buɗe littafin annabi Irmiya, sura 28 da 29. Idan kuwa ba ka da shi, kada ka damu, ka kasa kunne, za mu ba ka labarin.

A daren 31 ga Disamba majami'unmu sukan cika har waje. Wanda bai taka ƙofar majami'a ba tun Ista, a daren nan za ka gan shi a benci na gaba. Ana waƙa, ana rawa, ƙarfe 12 na bugawa sai guɗa da tafi. Wannan abu ne mai kyau, gama wanda Allah ya bar shi da numfashi ya kamata ya yi godiya. Amma gari yakan waye, kuma watan Janairu ba shi da kunya. Mai gida yana jiran kuɗin haya, makaranta ta aiko da takarda, bashin Kirsimeti yana nan, hunturu ya sa yara tari. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kowace uwar gida ta san abin da mudun masara da kuɗin mota suka zama. Ciwon da yake jikin mutum a Disamba bai san an canja kalanda ba. Kujerar wanda ya rasu bara tana nan babu kowa a kanta.

Akwai aya ɗaya da ake yawan karantawa a wannan lokaci, wato Irmiya 29:11. Ana buga ta a kalanda, ana manna ta a bayan mota, ana aika wa juna ita ta waya. A cikinta Ubangiji yana tabbatar wa mutanensa cewa abin da ya shirya dominsu alheri ne, kuma akwai bege a gabansu. Aya ce mai daɗi, gaskiya ce kuma. Sai dai da yawa cikinmu mun haddace aya ta 11 ba mu taɓa karanta ta 10 ba. A aya ta 10 ne Ubangiji ya faɗi tsawon lokacin da za su jira, shekara 70. To, su wane ne aka rubuta wa wannan magana, kuma a wane hali suke?

A shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu, Nebukadnezzar sarkin Babila ya kewaye Urushalima da yaƙi. Sarki Yekoniya, wanda wata uku kaɗai ya yi a gadon sarauta, ya miƙa wuya. Aka kwashe shi da uwarsa, da fādawa, da mayaƙa, da masassaƙa da maƙera. Littafin Sarakuna na Biyu, sura 24, ya ce mutum 10,000 ne, aka bar talakawa tuburan a ƙasar. Aka kwashi kayan Haikali kuma. Babila tana cikin ƙasar da muke kira Iraƙi a yau, kudu da Bagadaza. Ba tafiyar kwana biyu ba ce, domin sa'ad da Ezra ya bi hanyar nan daga baya, wata huɗu ya yi kafin ya iso Urushalima. Ka yi tunanin tsofaffi da mata masu goyo a kan wannan hanya. Zabura ta 137 ta nuna mana yadda suka zauna a bakin kogunan Babila suna kuka, har suka kasa raira waƙa.

Mutanen da suke cikin irin wannan hali abu ɗaya suke so su ji: yaushe za mu koma gida? Inda kuwa ake da masu irin wannan ƙishi, ba a rasa masu sayar musu da ruwa. A shekara ta huɗu ta sarautar Zadakiya, a wata na biyar, wani annabi mai suna Hananiya, mutumin Gibeyon, ya tashi a cikin Haikali a gaban firistoci da dukan jama'a. Ya yi magana da sunan Ubangiji, ya ce an karya ikon sarkin Babila, kuma kafin shekara biyu ta cika za a dawo da kayan Haikali, da sarki Yekoniya, da dukan waɗanda aka kwashe. Wace uwa ce da ɗanta yake Babila ba za ta yi guɗa ba?

Irmiya yana tsaye a wurin, da karkiya ta itace a wuyansa, irin wadda ake ɗora wa shanun noma. Ubangiji ne ya umarce shi ya sa ta, domin ta zama alama cewa lokacin Babila ne, a sunkuya a rayu. Ku lura da amsar da ya bayar, gama akwai darasi a ciki. Bai zagi Hananiya ba. Ya ce amin, Allah ya sa haka ta faru. Irmiya ba maƙiyin mutanensa ba ne, shi ma yana marmarin ganin sun dawo. Amma ya ƙara da cewa annabin da ya yi alkawarin salama, sai maganarsa ta cika kafin a san Ubangiji ne ya aiko shi. Sai Hananiya ya fizge karkiyar daga wuyan Irmiya, ya karya ta a idon jama'a. Irmiya ya kama hanyarsa ya tafi. A ranar nan duk wanda ya je Haikali zai ce Hananiya ne ya yi nasara.

Bayan wannan Ubangiji ya sāke aiken Irmiya wurinsa da saƙo mai nauyi. Ya karya karkiyar itace, amma ta baƙin ƙarfe ce za ta maye gurbinta. Laifinsa kuwa shi ne ya sa mutane sun dogara ga ƙarya, saboda haka zai mutu a shekarar nan. A wata na bakwai Hananiya ya mutu, wata biyu kacal bayan ya yi annabcinsa. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Shekara biyun ta zo ta wuce, ba wanda ya dawo. A 586 ma sai aka ƙone Haikalin ƙurmus, aka rushe garun birnin, aka ƙara kwashe mutane.

'Yan'uwa, bari mu tsaya a nan kaɗan, domin zuriyar Hananiya ba ta ƙare ba. Kowane farkon shekara za ka ji ana shela: bana ba za ka ga wahala ba, bana za ka hau mota, kafin wata uku bashinka zai ɓace, kawo baiko na musamman domin a buɗe maka ƙofar shekara. Ba mu ce Allah ba ya warkarwa ba. Yana warkarwa, yana buɗe ƙofa, mun gani da idonmu a cikin ikkilisiya. Abin da muke ƙi shi ne mutum ya yanka wa Allah wa'adi, ya sa ranar da Allah bai sa ba, sa'an nan ya ce Ubangiji ne ya faɗa. Ɓarnar ba ta bayyana a Janairu. Sai wajen Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, ciwo bai tafi ba, a sa'an nan gwauruwar da ta ba da kuɗin abincin 'ya'yanta za ta zauna ta ce, ko dai Allah ya yi mini ƙarya, ko kuwa bangaskiyata ce ba ta kai ba. Duka biyun ba gaskiya ba ne, amma da yawa sun bar sujada saboda wannan. Mai annabcin kuwa ya riga ya fara shirin taron Disamba mai zuwa.

Yanzu mu dubi wasiƙar. Irmiya yana Urushalima, ya rubuta wa dattawa da firistoci da jama'ar da suke Babila, ya aika ta hannun jakadu biyu da sarki Zadakiya ya tura wurin Nebukadnezzar. Ka ga jama'a sun taru a baƙuwar ƙasa, an ce ga takarda daga gida, kowa ya matso yana jiran ranar komawa. Sai mai karatu ya fara, ga abin da suka ji: su yi gini su zauna a ciki, su yi shuka su ci amfaninta, su yi aure, su aurar da 'ya'yansu, su yi yawa kada su ragu. Watau, ku kwance kayanku. Mutumin da zai tafi baɗi ba ya dasa itace, ba ya neman wa ɗansa mata a garin. Gaskiya ɗaci gare ta. Ba mamaki wani mai suna Shemaiya ya rubuto daga Babila zuwa ga Zafaniya firist, yana tambaya don me ba a kama wannan mahaukaci an sa shi a turu ba. Zomo ba ya fushi da makashinsa, sai da maratayinsa.

Amma ku duba jinƙan da yake cikin wannan magana mai ɗaci. Da sun bi Hananiya, da sun zauna a kan ƙunshin kayansu suna ƙirga kwanaki, ba gona, ba gida, ba aure. Shekara biyu ta zama biyar, biyar ta zama ashirin, su tsufa su mutu babu zuriya, ranar komawa ta zo ba mai komawa. Haƙurin da Littafi yake koya mana haƙuri ne mai fartanya a hannu. Akwai mutanen da suka dakatar da rayuwarsu suna jiran wahala ta wuce tukuna. Wani ya gama makaranta shekara shida ke nan, ya ƙi koyon sana'a domin yana jiran aikin gwamnati. Wata tana cewa ba za ta koma ƙungiyar mawaƙa ba sai ta sami haihuwa. Wani ya daina addu'a da iyalinsa har sai an biya shi kuɗin fansho. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, shekarun jira ma shekarun ranka ne, za ka ba da lissafinsu. Wurin da kake yau, ko ba kai ka zaɓe shi ba, akwai abin da za ka iya shukawa a ciki.

Sa'an nan wasiƙar ta zo da abin da ya fi duka wuya, a aya ta 7. Ubangiji ya ce su nemi zaman lafiyar birnin da aka kai su, su yi masa addu'a, domin lafiyarsu tana ɗaure da lafiyar birnin. Wane birni? Babila, garin mutanen da suka kashe 'yan'uwansu. Mun san muna magana da waɗansu da wannan ba labari ba ne a gare su. A watan Agusta na 2014 mutanen Gwoza suka gudu daga gidajensu, waɗansu suka haye duwatsu zuwa Kamaru, suka zauna a sansanin Minawao. A Oktoba na shekarar nan Mubi ta fāɗi, har shugabannin Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya suka bar hedkwatarsu ta Kwarhi suka koma Jos na ɗan lokaci. A Filato da Binuwai da kudancin Kaduna akwai ƙauyukan da aka bari kango. Ba mu zo mu ce muku abin da ya faru ƙarami ne ba, ba mu kuwa ce ku daina neman a yi muku adalci ba. Annabawan nan da kansu sun yi shelar hukunci a kan Babila, Irmiya ya cika sura 50 da 51 da shi. Amma hukuncin na Allah ne. Abin da aka ba mu shi ne addu'a da neman lafiyar garin da muke ciki, tare da maƙwabcinmu, ko Kirista ne ko Musulmi, gama kasuwa ɗaya muke ci, rijiya ɗaya muke ɗiba, kuma wutar da ta kama gidansa ba za ta tambayi addinin mai gida na kusa ba. Shekara ɗari shida bayan Irmiya, Ubangiji Yesu ya umarce mu mu ƙaunaci maƙiyanmu, mu yi addu'a domin masu tsananta mana, ya kuma aikata haka da kansa yana rataye a kan gicciye.

Wani zai ce, malam, faɗa da baki yana da sauƙi. Haka ne. Shi ya sa ya kamata mu ga ko Irmiya ya sha maganin da ya ba waɗansu. Ka buɗe sura 32. Sojojin Babila sun kewaye Urushalima a karo na ƙarshe, Irmiya kuwa yana tsare a filin matsara na gidan sarki. Sai ga Hanamel, ɗan ɗan'uwan mahaifinsa, ya zo yana so ya sayar masa da gona a Anatot, garinsu. Wa zai sayi gona a ƙasar da abokan gāba suka riga suka mamaye? Irmiya ya auna shekel 17 na azurfa ya biya, aka rubuta takarda, aka sa shaidu, aka hatimce. Ya ba Baruk takardun, ya ce a sa su cikin tukunyar ƙasa domin su daɗe, gama Ubangiji ya ce za a sāke sayen gidaje da gonaki a ƙasar. Abin da yake ƙarfafa mu shi ne, bayan ya biya kuɗin, Irmiya ya je gaban Allah da addu'a yana nuna damuwarsa, ga birni yana shirin fāɗuwa, ga shi an ce ya sayi gona. Ya yi biyayya tukuna, sa'an nan ya kai tambayarsa wurin da ya kamata. Bangaskiya ba ta hana mutum kuka. Daga baya waɗansu mutanensa suka tafi da shi Masar dole, a can labarinsa ya ƙare, nesa da gonar da ya saya.

Kada mu manta kuma da mutumin da Allah ya yi amfani da shi ya ceci ran annabin. Sa'ad da aka jefa Irmiya cikin rijiya mai laka domin ya mutu, wani Bahabashe mai suna Ebed-melek, baran gidan sarki, shi ne ya je ya roƙi sarki. Sura 38 ta ce ya tattaro tsummoki ya zura wa Irmiya, ya ce ya sa su a hammatarsa domin kada igiya ta ji masa ciwo. Baƙo ne daga nahiyarmu ta Afirka, ga shi har tsummoki ya tuna da su. A cikin ikkilisiyarka akwai wanda yake cikin rijiya a wannan Janairu. Mudu biyu na dawa, ko rakiya zuwa asibiti, ko biyan kuɗin jarrabawar maraya ɗaya, wannan shi ne tsummokinka. Zumuntar mata sun fi mu maza sanin wannan aiki, a gaskiya.

To, alkawarin ya cika? Ya cika. A 539 Sairus sarkin Farisa ya ci Babila, bayan haka ya ba da izini Yahudawa su koma su gina Haikali. Daniyel, wanda aka kwashe yana saurayi, ya tsufa a Babila. Sura 9 ta littafinsa ta nuna shi yana karanta maganar Irmiya a kan shekara 70, sai ya shiga azumi da addu'a. Littafin Ezra ya ƙidaya mutum 42,360 da suka koma. Daga ina wannan taro ya fito? Daga aure da haihuwa da gonakin da aka yi a Babila, domin iyayensu sun ji maganar wasiƙar. Yawancin waɗanda suka ji karatunta a ranar farko an binne su a baƙuwar ƙasa. Jikokinsu ne suka ga Urushalima, tare da 'yan tsofaffin da suka rage, waɗanda suka fashe da kuka sa'ad da aka aza harsashin sabon Haikali.

Mu ma a ƙasar nan muna cin amfanin gonar da waɗansu suka shuka ba su girba ba. A Disamba na 1893 samari uku suka sauka a Legas da niyyar kawo bishara cikin ƙasar Sudan, wato Walter Gowans, da Thomas Kent, da Rowland Bingham. Kafin 1894 ta ƙare, Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida. Bingham ya koma gida da ciwo. Ya sāke gwadawa a 1900, zazzaɓi ya sāke kora shi. Sai a 1902 aka kafa tasha ta farko a Patigi. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa bai fito ba sai a 1932. Da wani ya tsaya a bakin kabarin Gowans a 1894, da ya ce yaron nan ya yi asarar ransa. Yau ikkilisiyoyin ECWA, waɗanda suka fito daga aikin nan, suna ko'ina a Nijeriya.

Mai sauraro, ba za mu faɗa maka cewa bana wahalarka za ta ƙare ba, domin Ubangiji bai ba mu wannan saƙo ba. Mai yiwuwa ta ƙare, muna kuwa roƙon haka tare da kai, kamar yadda Irmiya ya ce amin. Manzo Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙayar da take jikinsa, amsar da ya samu ita ce alherin Ubangiji zai ishe shi. Abin da aka ba mu ikon faɗa maka yana cikin ayoyi 12 zuwa 14 na wasiƙar nan. Ubangiji ya ce idan suka kira shi zai ji, idan suka neme shi da zuciya ɗaya za su same shi. Bai ce sai sun koma Urushalima ba. Mutanen nan sun zaci Allah ya tsaya a Haikali ya bar su sun tafi su kaɗai, ashe a Babila ma yana nan. A bakin kogin Kebar, cikin ƙasar bauta, aka buɗe wa Ezekiyel sama ya ga ɗaukakar Allah. A cikin Yesu Almasihu kuwa Allah ya shigo Babilarmu da kansa. Ya san yunwa, ya san gudun hijira tun yana jariri a Masar, ya yi kuka a kabarin abokinsa, ya ɗauki zunubanmu ya mutu, ya tashi a rana ta uku. Idan ba ka taɓa ba shi ranka ba, kada ka jira sai al'amuranka sun daidaita. Ka zo yadda kake, da bashinka da ciwonka, ka tuba, ka gaskata da shi. Ka nemi fasto ko mai bishara na kusa da kai, zai yi addu'a tare da kai.

Bari mu yi addu'a.

Ya Ubanmu na sama, mun gode maka da ka kawo mu wannan shekara. Ka san waɗanda suke jinmu da hawaye. Ka tuna da marasa lafiya, da gwauraye da marayu, da waɗanda aka raba su da gidajensu, da waɗanda nasu suke hannun masu garkuwa. Ka tsare kunnuwanmu daga annabcin ƙarya. Ka ba mu ƙarfin yin gini da shuka a inda muke. Ka ba garuruwanmu salama, ka ba shugabanninmu tsoronka, ka ba mu damina mai albarka. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu muka roƙa, amin.

Mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu shiga littafin Makoki sura 3. Ka karanta ta tare da iyalinka kafin lokacin. Ku huta lafiya.